Mai tace labari ta kama uwargidata tana leƙen zuciyar amarya

Wata uku labarin nan da na rubuta yana kwance a wayata. Labarin kishi ne, uwargida ke ba da shi da bakinta, kuma duk wadda na tura wa abu ɗaya take cewa: "Kai, amaryar nan muguwa ce." Da na yi niyyar shiga Hikayata, gasar gajerun labarai da BBC Hausa ke shirya wa mata tun 2016, sai ƙawata ta haɗa ni da wata malama mai tace labari ta WhatsApp. Naira 7,000 ta karɓa.

Na zaci kurakurai za ta ja mini layi a kai. Saƙon murya ta turo, minti goma sha ɗaya. "Ƙanwata," in ji ta, "uwargidan nan taki aljana ce? Tana madafi tana tuƙa tuwo, ya aka yi ta san abin da amarya ke saƙawa a ranta, ga ƙofa a rufe?" Na koma na duba, har wuri huɗu na yi haka.

Sai ta ba ni aiki. Akwai inda amarya ta zabga gishiri a miyar kuka ranar girkinta na farko, uwargida ta ce da gangan ne. Malama ta ce in sake rubuta wurin da bakin amarya, ba don in saka a labarin ba, don ni kaina. Na zauna bayan isha'i. Sai ga yarinya 'yar shekara goma sha takwas, uwar miji na zaune kan tabarma ta zuba mata ido, ta manta ta riga ta sa gishiri, ta ƙara. Wallahi ni na ƙirƙire ta, amma sai daren nan na san ta.

Na mayar da labarin bakin uwargida. Yanzu tana ganin ludayi na rawa a hannun yarinyar, ta taɓe baki ta ce iyayi ne. Mai karatu ya ga tsoron amarya, ya kuma gane wace ce uwargida daga taɓe bakin nan. Malama ta tuna mini da Ruwan Bagaja: duk halin Malam Zurƙe daga bakin Alhaji Imam muka ji shi, mutumin da suka yi ta yi wa juna keta. Tun ina firamare na karanta, ban taɓa lura ba.

Amma fa akwai ƙorafi. Kwana uku ta yi alkawari, sai da ta yi tara, ina ta sallama shiru. Ƙa'idojin rubutu kuwa ko kallonsu ba ta yi ba, wai wannan kuɗinsa daban, kuma ba ta faɗa ba sai bayan na biya. Ƙanena na ba wa, ya bi mini ƙ da ɗ ɗaya bayan ɗaya, na saya masa kati. Labari na gaba ma ita zan kai wa, amma tun saura wata guda a rufe gasa.