Daga Durum zuwa masauki: sharhi kan kamfanin da ya kwaso mana baƙi 47

A watan Janairun da ya wuce aka ɗaura auren 'yar yayana a nan Bauchi, kuma da aka zauna rabon ayyuka a gidan Baffanmu, sai nauyin tarbar dangin ango ya faɗo a kaina. Mutum 47 ne za su taso daga Abuja a jirgi ɗaya ranar Alhamis, domin a ɗaura aure washegari bayan an sauko daga sallar Juma'a. A cikinsu akwai wakilin ango da wasu dattawa, da iyaye mata masu yawa, da yara shida, da kakar ango wadda ba ta iya doguwar tafiya sai an tura ta a keke.

Wanda bai saba saukar baƙi a garin nan ba zai iya ɗauka cewa aikin ƙarami ne. A da, lokacin da filin jirginmu yake cikin gari, kusan haka abin yake, amma filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka gina a zamanin Gwamna Isa Yuguda, yana can Durum ne a kan hanyar Ningi, kimanin kilomita 23 daga cikin gari. Mutum ɗaya da jakarsa ba zai rasa motar da za ta kawo shi ba. Ayarin mutum kusan hamsin kuwa, dole ne motocinsa su kasance a tsaye suna jira tun kafin jirgi ya sauka.

Shawarar farko da aka kawo a gida ita ce a tattara motocin 'yan'uwa da abokan arziki. Da na yi lissafi sai na ga ana bukatar aƙalla mota goma sha biyu, kowace da mai ita da uzurinsa, kuma a ranar jajibirin biki, lokacin da kowa yake da aike a kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Saboda haka na nemi wani kamfanin hayar motoci mai ofis a cikin gari, wanda wani abokin aikina ya taɓa hulɗa da shi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tambayar da manajan ya yi mini bayan na faɗa masa yawan mutanen. Ya ce: "Alhaji, mutane dai mun ji, to kaya fa, guda nawa ne?" Ni kuwa ban tanadi amsa ba. Ya yi mini bayani cewa Kosta tana ɗaukar mutum kusan talatin amma ba ta da wurin kaya na a zo a gani, Homa kuma ana kiranta mai kujera goma sha takwas, amma da zarar an cusa akwatuna a bayanta to layin ƙarshe ya tafi. 'Yan biki, musamman iyaye mata, ba sa tafiya da jaka ɗaya. Ya sa na buga waya Abuja aka ƙirga kayan tun a can, aka samu guda 73, tsakanin manyan akwatuna da jakunkunan bakko da katan-katan na tsaraba. A kan wannan lissafi ya tsara mana Kosta ɗaya ta mata da yara mutum 27, da Homa ɗaya ta maza mutum 14, da ƙananan motoci biyu na dattawa shida, sannan a-kori-kura ɗaya mai tamfol wadda ba za ta ɗauki komai ba sai kaya. A ganina, ware wa kaya motarsu daban shi ne rabin nasarar aikin, domin babu baƙon da ya ɗora akwati a cinya, kuma babu wanda ya tsallake kaya kafin ya kai ga kujerarsa.

Game da kuɗi, sun karɓi rabi kafin aiki ta hanyar turawa ta banki, sauran kuma bayan an kammala. Manajan ya ce farashin da ya yanke na mako ɗaya ne kawai, kuma ban ga laifinsa ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, babu mai motar haya da yake yarda ya ɗaure kansa da farashi na dogon lokaci. Da na kwatanta da abin da za mu kashe wajen zuba wa mota goma sha biyu mai, na ga bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ranar Alhamis gari ya waye da hazo mai kauri, irin wanda muka saba gani tsakanin Disamba da Fabrairu. Jirgin da ake sa ran saukarsa da tsakar rana bai samu tasowa ba sai bayan la'asar, alhali motocin sun isa Durum tun ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Direbobin sun yi zaman awa biyar da wani abu, kuma babu wanda ya sulale ya koma gari neman wani lodi, abin da ni kaina na yi ta fargaba.

Wanda ya fi cancantar yabo shi ne wani matashi da kamfanin ya haɗo da motocin, wanda ba direba ba ne, aikinsa kawai ƙirga mutane da kaya. Ya zo da takardar sunayen da na ba su, an riga an rubuta motar da kowa zai shiga, ya kuma zo da guntayen koren ƙyalle da yake ɗaura wa kowane kaya kafin a loda shi. Da aka gama lodi ya ƙirga ya samu 72, sai ya hana a ja tamfol, ya sake ƙirgawa, ya sake samun 72. Mutane sun gaji, magariba ta gabato, wasu daga cikin samarin suna cewa a tafi kawai tunda wataƙila a Abuja aka yi kuskuren lissafi. Ya durƙusa gaban wakilin ango ya ce: "Baba, a yi mini haƙurin minti biyar, akwai kaya ɗaya a ciki." Ya koma zauren karɓar kaya tare da wani jami'in filin, suka fito da wani ƙaramin akwati da aka bari a jikin bango, wanda daga baya muka ji cewa magungunan kakar ango ne a ciki. Da mun tafi mun bar shi, da sai cikin dare za a gane, a lokacin da komawa Durum ba ƙaramin aiki ba ne.

Haka kuma na yaba da yadda direban ƙaramar motar ya kula da tsohuwar. Ya matso da mota har bakin ƙofa, ya jira jikarta ta zaunar da ita, ya naɗe keken da kansa ya sa a but, yana cewa: "Sannu, Hajiya, a hankali, ba sauri muke yi ba." Motocin sun taho a jere, motar kaya a tsakiya, babu gudu babu tsere, muka shigo ta shataletalen Awala muka isa otal ɗin da ke GRA cikin kimanin minti arba'in.

Sai dai akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba, kuma ɗaya daga cikinsu ya ɓata mini rai ƙwarai. Muna tsaye a harabar otal, baƙi na saukowa, sai babban direban ya tare ni da maganar kuɗin jira, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na jimillar kuɗin aikin. Ban ce ba su cancanci wani abu ba, domin wanda ya wuni a rana da ƙura haƙƙinsa ne a duba shi. Abin da na ƙi shi ne ba a taɓa ambata wannan kuɗi a ofis ba, alhali kamfanin da ke aikin filin jirgi a Bauchi ya fi kowa sanin cewa hazo yana jinkirta jirage a wannan lokaci na shekara. Sannan aka tayar da maganar a gaban surukai, a wurin da mai masaukin baƙi ba zai iya yin ciniki ba sai dai ya biya don gudun jin kunya. Washegari na kira manajan, ya ba da haƙuri, ya rage kuɗin zuwa rabi, ya kuma amsa cewa kuskurensu ne da ba su rubuta sharaɗin ba tun farko.

Na biyu, na'urar sanyaya Homar ba ta aiki, don haka aka buɗe tagogi, maza suka iso da ƙura a hula da babbar riga. Na uku, yarjejeniyarsu ta tsaya ne a bakin ƙofar otal: sun sauke kaya 73 a wuri ɗaya suka ƙirga a gabana, amma raba su zuwa ɗakuna ya rage tsakaninmu da ma'aikatan otal biyu, wanda ya ci mana fiye da awa ɗaya. Da an rubuta lambar ɗaki a jikin ƙyallen nan tun a filin jirgi, da aikin bai kai rabin haka ba, kuma na ba su wannan shawara.

Ranar Asabar suka dawo mayar da baƙin, da wata Homar daban mai sanyi, kuma sun iso kafin lokacin da aka yi da su. Da yake akwai sauran lokaci, wasu dattawa suka nemi a biya da su kabarin Tafawa Balewa su yi masa addu'a, direban ya kai su bai nemi ƙarin ko sisi ba.

Akwai taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu da ke tafe, inda muke sa ran mutum talatin da wani abu, kuma na riga na koma wurin kamfanin nan. A wannan karon na sa an rubuta a takarda awa nawa ne jiran kyauta, da abin da za a biya a kan kowace awa bayan haka, da cewa duk maganar kuɗi a ofis za a yi ta ba a gaban baƙi ba. Na kuma roƙi a sake haɗo mu da matashin nan mai ƙirga kaya, manajan ya ce in Allah ya yarda shi za a turo.