Zagayen Cibiyar Salk da ke La Jolla

Sai an yi rajista ta intanet kafin a je, kuma ɗan rakiya ne ke zagawa da baƙi, tunda masu bincike suna ciki suna aikinsu. Cibiyar Salk ta binciken kimiyyar halittu ce, tana La Jolla a San Diego, jihar Kalifoniya, bisa tudun da ke kallon tekun Fasifik. Jonas Salk, mai allurar rigakafin shan-inna, shi ya kafa ta a 1960. Ɗigon da ake bi gida-gida ana yi wa yaranmu a baki kuwa na Albert Sabin ne. Louis Kahn ya zana ginin, aka gama a 1965.

Gine-gine ne tagwaye suna fuskantar juna, tsakaninsu farfajiya shimfiɗe da farin dutse, ko ciyawa babu. Da Kahn lambu ya so yi a wurin, sai Luis Barragán, mai zanen gine-gine ɗan Meziko, ya ba shi shawarar kada ya dasa komai. Siririyar magudanar ruwa ce kaɗai ta ratsa tsakiya, ta miƙe sak wajen teku. Kowa nan yake tsayawa ɗaukar hoto, kuma da rana tsaka hasken dutsen yana kashe ido, a tafi da tabarau.

Ni dai abin da ya fi burge ni ba ya fitowa a hoto. Kowane bene na ɗakunan gwaji yana da wani bene a samansa wanda bututu da wayoyi kawai ke ciki, mai gyara ya shiga a tsaye ya yi aikinsa, na ƙasa ba su ma sani ba. Ɗakunan gwajin kuma babu ginshiƙi a tsakiyarsu, ana sake tsara su yadda bincike ya buƙata. Duk wanda aka taɓa fasa wa bango saboda bututun famfo ɗaya zai gane hikimar.

Ɗan rakiyarmu ya sa muka matsa jikin bangon. Kankare ne tsirara, ba filasta ba fenti, ramukan da katakon zubi ya bari an toshe su da dalma, a jere reras. Katakon tagogin, wanda iskar teku ta lalata har ya yi baƙi, a 2017 aka kammala gyaransa.

Zagayen na gini ne. Mai son ganin yadda ake gwaji ya nemi wata hanya, amma ɗalibin zanen gini da injiniya su zo da tambayoyinsu a rubuce, lokacin gudu yake.