Sharhi kan darasin bidiyo na zanen namun dajin Afirka

Saboda sashen jakin dawa na sayi wannan darasi, kuma a ɓangaren aikin hannu malamar ta burge ni ƙwarai. Ta nuna cewa ba da baƙin ratsi ake farawa ba, sai an gama shimfiɗa haske da inuwa a jikin dabbar tamkar farin doki ake zanawa, sannan a ɗora ratsin yana bin lanƙwasar ciki da cinya. Da aka matso da kyamara kusa da takarda, na ga yadda take gauraya shuɗi da ruwan ƙasa maimakon baƙin fenti tsantsa, da yadda take sassauta buroshi a ƙarshen kowane ratsi har ya sirance. Ta kuma bambanta jakin dawa nau'in Grevy na Kenya da Habasha, mai siraran ratsi wanda cikinsa fari ne fat, da na filayen ciyawa mai faffaɗan ratsi.

Inda raina ya ɓaci shi ne lokacin da ta faɗa, ba tare da ko shakka ba, cewa ratsin nan ne ke sa dabbar ta saje da ciyawa har zaki ya kasa ganinta, kuma a kan wannan magana ta gina aikin ƙarshe gaba ɗaya. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa zaki da kura ba sa iya tantance ratsin daga nesan da ya wuce mita 50 da rana, ko mita 30 da magariba, kuma kafin su matso haka sun riga sun ji ƙanshinta ko motsinta. Hujjar da ta fi ƙarfi kan amfanin ratsin tana wajen ƙudaje masu cizo: a 2019 masanin dabbobi Tim Caro da abokan aikinsa sun lulluɓe dawakai da mayafi mai ratsi a Ingila, sai ƙudajen suka riƙa kasa sauka a kansa. Bai kamata mai koyar da zanen dabba ta tsallake wannan ba, domin ɗalibai da yawa daga bakinta za su fara jin batun.

Na rubuta wa masu sayar da darasin ina roƙon su ƙara ɗan bayani, amma abin da ya dawo mini saƙon godiya ne haɗe da tallan wani darasin. Da farko na yi niyyar tura shi ga duk mai sha'awar zane, yanzu kuwa sai na haɗa da gargaɗi. Sautin sashen giwa ma yana yankewa, kuma har yau ba su gyara ba.