Ɓeran NSG mai garkuwar jikin ɗan Adam: amfaninsa da iyakarsa a binciken cutar ƙanjamau

Ƙwayar HIV ba ta kama ɓera, kuma wannan shi ne cikas na farko da duk mai nazarin cutar ƙanjamau a ɗakin gwaje-gwaje yake cin karo da shi. Ƙofofin da ƙwayar ke bi ta shiga ƙwayoyin jinin mutum, wato CD4 da CCR5, ba irinsu ɗaya ba ne da na ɓera, kuma ko an buɗe mata ƙofar, sinadaran cikin ƙwayoyin ɓeran ba sa ba ta damar hayayyafa. Ɓeran NSG (gajartar sunansa na Turanci, NOD scid gamma), wanda Leonard Shultz ya samar a cibiyar Jackson Laboratory da ke jihar Maine ta Amurka aka kuma bayyana shi a 2005, yana cikin amsoshin da suka fi karɓuwa ga wannan matsala. Na yi aiki da shi tsawon lokaci a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, shi ya sa nake son bayyana wa ɗalibai da malaman kimiyya abin da mai saye zai samu.

An sauya ƙwayoyin gadon wannan ɓera ta yadda ba shi da manyan dakarun garkuwar jiki, saboda haka jikinsa ba ya korar baƙo. Cibiyar tana sayar da shi haka, tana kuma sayar da wanda aka riga aka dasa wa ƙwayoyin asalin jini na ɗan Adam da aka samo daga jinin cibiyar jarirai. Bayan kimanin mako 12 da dashen, ƙwayoyin garkuwar mutum sukan bayyana a jininsa da saifarsa da ɓargonsa, kuma akan auna yawansu kafin a aiko da shi. Wannan awon shi ne abin da na fi yabawa, domin yana rage wa mai bincike watannin jira da kuma fargabar ko dashen ya kama.

Idan aka sa wa irin wannan ɓera HIV, abin da ke biyo baya yana kama da abin da likita ke gani a asibiti ƙwarai da gaske: ƙwayar tana yawaita a jini, ƙwayoyin garkuwa masu ƙofar CD4 suna raguwa, magungunan rage kaifin cutar suna danne ta, kuma da zarar an daina bayar da maganin sai ta sake tasowa daga maɓoyarta. A kan ɓeraye masu garkuwar mutum ne ɗakin binciken Michel Nussenzweig na Jami'ar Rockefeller ya nuna a 2012 cewa haɗa sinadaran kariya masu faɗin tasiri yana iya danne ƙwayar. A 2019 kuma masu bincike daga Jami'ar Temple da Cibiyar Lafiya ta Jami'ar Nebraska suka kawar da ita daga jikin wasu ɓeraye ta hanyar haɗa magani mai daɗewa a jiki da fasahar CRISPR ta yanke ƙwayoyin gado. Ya kamata mai karatu ya riƙe cewa wasu ɓerayen ne suka warke, ba dukkansu ba, kuma ba a kai ga irin wannan nasara a jikin mutane da wannan hanya ba.

Raunin wannan ɓera mai garkuwar mutum yana wajen riga-kafi. Kaluluwar ɓeran NSG ba ta ginuwa yadda ya kamata, kuma sinadaran kariyar da ƙwayoyin mutum da aka dasa masa suke ƙerawa ba su da ƙarfi, don haka wanda ke son gwada allurar riga-kafi zai sami amsa mai rauni da ba za a dogara da ita ba. Idan kuma an zaɓi hanya mai sauri ta dasa fararen ƙwayoyin jinin baligin mutum, cikin 'yan makonni sukan juya su afka wa jikin ɓeran, gashinsa ya zube, ya rame, gwajin ya katse.

Akwai kuma tambayar da ta fi damuna, wato ciwon ƙoda mai nasaba da HIV, wanda ya fi addabar mutanen da asalinsu Afirka ne. A nan tsohon ɓeran Tg26 na farkon shekarun 1990, wanda aka saka wa wani ɓangare na ƙwayoyin gadon HIV da ba ya iya hayayyafa, ya fi NSG amfani nesa ba kusa ba, domin ƙodarsa tana lalacewa kamar ta majiyyaci. Sai dai ɓeraye gaba ɗaya ba su da ƙwayar gadon APOL1, wadda wasu nau'o'inta da suka yawaita a Afirka ta Yamma suke ƙara haɗarin wannan ciwo, saboda haka dole a nemi wanda aka saka masa ita musamman. Haka nan yawancin gwaje-gwajen da aka yi sun dogara ne da HIV rukunin B na Turai da Amurka, alhali rukunin G da CRF02_AG ne suka fi yawa a Najeriya.

Kuɗin ɓeran NSG ya ninka na ɓeran gwaji na yau da kullum sau da yawa, amma kulawar ta fi sayen tsada. Abincinsa da ruwansa da shimfiɗarsa duk sai an kashe musu ƙwayoyin cuta, kejinsa yana buƙatar tatacciyar iska dare da rana, kuma ɗaukewar wutar lantarki ta sa'o'i kaɗan tana iya ɓata aikin watanni. Ina ba da shawarar sayensa ga wanda tambayarsa ta shafi magani ko maɓoyar ƙwayar cutar, kuma yake da ɗakin dabbobi mai wuta tsayayya da izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Wanda bai da waɗannan, ya fi masa alheri ya haɗa gwiwa da ɗakin binciken da ke da su, ya kai musu nau'in ƙwayar da ke yawo a ƙasarsa a gwada a can.