Teburin aikin kafinta mai tayoyi: abin da ya kamata a duba kafin a zaɓa

Mai aikin katako a gida, wanda shagonsa bai wuce gareji ko zaure ba, yana bukatar tebur da zai tura gefe idan ya tashi daga aiki, amma wanda ba zai motsa ba sa'ad da yake yanka da zarto ko yake dukan kurfi da guduma. Waɗannan bukatu biyu suna karo da juna, kuma tsarin tayoyin da aka zaɓa shi ne yake raba gardamar.

Mafi sauƙin samu su ne tayoyi huɗu masu juyawa da birki. Sai dai birkin iri biyu ne: wani yana tsayar da gunguruwar taya kaɗai, ya bar wuyanta yana juyawa, don haka teburin yakan yi rawa ko da an taka birkin, wani kuma yana kulle duka biyun, kuma shi ne ya cancanci kuɗinsa. Wanda ya fi su duka a ganina shi ne tayoyin da ake ɗaurawa a gefen ƙafafun tebur, a taka su da ƙafa su ɗaga shi, a sake su ya sauka ya zauna daram a kan ƙafafunsa. Wanda bai same su ba yana iya sa tayoyi biyu marasa juyawa a gefe ɗaya da mariƙi a ɗaya gefen, ya riƙa tura teburin kamar baro.

Taya mai inci 3 ko 4 ta fi ƙarama iya haye tsagar siminti da guntayen katako. Wajen lissafin nauyin da tayoyin za su ɗauka, a raba shi gida uku maimakon huɗu, domin a daɓen da bai daidaita ba, sau da yawa taya ɗaya a sama take.

Game da saman teburin, filawud mai kaurin milimita 18 da aka ninka biyu aka haɗa da gam ya wadatar, kuma falle guda mai ƙafa 4 da ƙafa 8 zai ba da ninkin biyu idan aka tsaga shi. MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, yana da santsi da araha, amma yana kumbura da zarar ya sha ruwa, abin da mai aiki a zauren da ke yoyo da damina ya kamata ya tuna. Katakon madaci ko iroko ya fi su ƙarko, illa dai nauyi da tsada, kuma dole ne ya bushe sosai kafin a haɗa shi, in ba haka ba zai lanƙwashe.

Tsayin da ya dace shi ne daidai wuyan hannun mai aikin idan yana tsaye, wato santimita 85 zuwa 90 ga yawancin mutane, kuma tsayin tayoyin yana cikin lissafin. A auna ƙofa kafin a yanke faɗin. Santimita 60 yana wuce yawancin ƙofofi. Teburin da ake naɗewa irin Workmate na kamfanin Black & Decker yana da amfani ga ƙananan gyare-gyare, amma rashin nauyinsa ya sa bai dace da aikin feƙe katako mai tauri ba. Kantar ajiya a ƙasan tebur, inda za a ajiye kayan aiki masu nauyi, tana ƙara masa zama ba tare da an kashe wani kuɗi mai yawa ba.