Rumfar tallafin marayu: Sallar Gani a Daura ko karar Mai'adua ranar Lahadi?

Malam, ka ce ka ga bidiyon baje kolin manyan motoci da ake yi a Ingila, irin su Truckfest, inda direbobi ke wanke tirelolinsu su jera ana kallo, ƙungiyoyin agaji kuma su kafa rumfuna a gefe suna tara taimako. Tambayarka ita ce, tunda mu nan ba a yin irin wannan biki, ina ya fi dacewa ƙungiyarku ta kafa rumfar marayu: a taron Sallar Gani, ko a wurin lodin tireloli na kasuwar Mai'adua? Duka biyun na zauna a bayan tebur, ga abin da na gani.

Sallar Gani akwai jama'a, babu musu. In watan Rabi'ul Awwal ya kama Daura cika take yi, baƙi daga Katsina da Kano har da 'yan'uwanmu na Nijar, kowa ya nufi ƙofar fada kallon hawa. Sai dai wanda ya zo kallon doki, idonsa na kan doki, aljihunsa kuma ɗinki da kuɗin mota sun riga sun taɓa shi. Yara ne suka fi zagaye teburinmu suna neman zoɓo, manyan da muka sa wa rai kuwa suna cikin tawaga. Da dawaki suka doso aka yi turereniya, tebur ya kife, kunun ayarmu ya malale a ƙasa, domin mun matsa bakin hanya da yawa. Abin da Gani ta ba mu shi ne suna. Takardun da muka raba masu ɗauke da lambar asusu sun shiga gidaje, wasu suka turo bayan kwanaki. Amma sau ɗaya take zuwa a shekara, maraya kuwa kullum zai ci abinci.

Kara, wato kasuwar shanu ta Mai'adua, daban take. Can ba kallo ya tara mutane ba, kuɗi ne ke juyawa daga hannu zuwa hannu: dillalai, fatake, 'yan kamasho, 'yan lodi, direbobi da yaran mota. Direban da ya gama lodin shanu zai kama hanyar Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, ya san irin abin da ke kan titi. Ba sai ka yi masa dogon wa'azi ba, shi da kansa yake neman inda zai ajiye sadaka kafin ya tayar da mota. Akwai kuma abin da ya fi taɓa ni: da yawansu sun taɓa binne abokin aiki da ya bar yara ƙanana. In ka ce marayu, akwai fuskar da ke zuwa musu a rai.

Sannan kasuwa duk mako take ci. Wanda ya ba ka wannan Lahadin zai dawo ya tambaye ka ina kuɗin suka tafi, kuma hakkinsa ne ya tambaya. Wannan ne wahalar kara, shi ne kuma albarkarta. A Gani ba wanda zai bi ka ba'asi. A kara in ka kasa nuna littafin shiga da fita sau ɗaya, labari ya gama tasha kafin la'asar. Ku riƙe rasit, ku manna lissafin makon jiya a jikin rumfa, kuma asusun da za a yi tiransifa ko a cira ta POS ya zama da sunan ƙungiya mai rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), ba na wani mutum ɗaya ba, ko da shugaba ne.

Wajen kaya ma sun bambanta. A Gani abin sha mai sanyi yana tafiya, ba kuma wanda za ka tsare wa gaba. A kara kuwa akwai mai shayi da masu tuwo da masu fura da suka shekara a wurin, da wannan cinikin suke ciyar da nasu 'ya'yan. Kada ku tallafi maraya ku karya bazawara. Ku bar musu abinci, ku tsaya ga akwatin sadaka da ruwan sha na fisabilillahi.

Kara ma tana da rauninta. Rana da ƙura ba sa ragawa, mata 'yan ƙungiya kuma za su fi sakewa a Gani. Cinikin kuma ya rataya da iyakar Najeriya da Nijar: lokacin da aka rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, duk kasuwannin bakin iyaka sun ji a jikinsu. In kasuwa ta yi sanyi, akwatinku ma zai yi.

Wani abu da za ku ci karo da shi: fatake za su miƙo kuɗi su ce zakka ce. Ku ware mata ambulan nata. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, maraici shi kaɗai ba ya ciki, sai in marayan matalauci ne. Ku nemi malami ya tantance muku kafin rabo.

Ni dai kara zan zaɓa a matsayin mazauni, Gani kuma ku je da takardu kawai, ba tare da tebur ba. Lahadin farko kada ku ɗauki ko kujera. Ku je ku gaida sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, ku faɗa musu niyyarku, su za su nuna muku inda tirela ba ta juyawa.