Cibiyar darasin yamma da na sa 'yata: taurari uku da rabi, ga kuma dalilina

Wata huɗu ke nan da na sa 'yata mai shekara 14 a wata cibiyar darasin yamma. Lissafi take ɗauka, sau uku a mako, awa ɗaya da rabi kowane zama. Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin maganar ta shafi wani malami, ni kuwa ba tona masa asiri na zo yi ba.

Ta fannin koyarwa ba ni da ta cewa. Aji ba ya wuce yara 18, ana farawa a kan lokaci, aikin gida kuma cikin kwana biyu yake dawowa da jan biro a jikinsa. Malamin ya san lissafi, ya kuma iya bayani.

A mako na biyar ne ta dawo ta ajiye jaka ta ce, "Umma, Malam ba ya ƙaunata." Na yi shekara tara ina koyarwa a firamare, na ji wannan magana daga bakin yara ba adadi, yawanci daga wanda bai yi aikinsa ba. Sai na ce mata ta daina neman dalili ta je ta yi karatu. Ba ta ƙara cewa uffan ba. Wannan shirun har yau yana ci mini rai.

Bayan kwana goma ta kawo mini takardu biyu, tata da ta ƙawarta da ta aro. Tambaya ɗaya ce mai maki biyar: x + y = 11, sannan 2x − y = 4. Dukansu sun haɗa layukan daidai, sun sami 3x = 15, sun fitar da x = 5. A layin ƙarshe ne kowacce ta yi tuntuɓe wajen cire 5 daga 11: 'yata ta rubuta 7, ƙawar ta rubuta 8, alhali amsar 6 ce. An ba ƙawar maki huɗu, har da "a kula" a gefe. 'Yata maki biyu aka ba ta, babu ko kalma ɗaya. Na jera takardun a kan tebur ina neman inda zan kare malamin, ban samu ba.

Washegari na je wurin shugabar cibiyar, kuma abin da ta yi shi ya sa ban cire yarinyar ba. Na shiga da shirin jin "ai kin san halin yara". Sai ta karɓi takardun, ta sa aka kwafe amsoshin biyu a farar takarda ba suna ba maki, ta aika wa wani malamin lissafi da ke aji na gaba. Kafin minti goma suka dawo, kowacce da maki huɗu. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, yarinyarki ce da gaskiya. Ki ba ni mako biyu."

Ta cika alkawari. Yanzu lamba ake rubutawa a takardar gwaji, ba suna ba, sai an gama ba da maki ake buɗe jerin sunayen. Ana kuma liƙa tsarin rabon maki a bango bayan kowane gwaji, kaza na hanyar aiki, kaza na amsa, yaro ya duba da idonsa ya ga inda ya yi asara.

Ban yarda malamin mugu ne ba. Tun muna kwalejin horar da malamai aka karantar da mu binciken Robert Rosenthal da Lenore Jacobson da ya fito a 1968. A wata firamare ta jihar Kaliforniya a Amurka suka gaya wa malamai cewa wasu yara, kusan ɗaya cikin biyar, za su yi fice a shekarar, alhali sunayen canke kawai aka yi. Da shekara ta ƙare, yaran nan sun fi sauran ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu. Masana sun daɗe suna jayayya kan girman tasirin, amma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yadda zato yake shiga hannu ba tare da sanin mai hannun ba. 'Yata ta faɗi gwajin farko, ba ta da surutu, a baya take zama. Malam ya riga ya yanke mata matsayi a ransa, biron kuma ya bi.

Na roƙi a bar ni in zauna a bayan aji rana ɗaya, aka yarda ba tare da jan rai ba, wannan ma na yaba. Na shiga da ɗan littafi ina yin zane duk lokacin da aka jefa tambaya. Cikin tambayoyi 23, guda 16 sun tafi wurin yara biyar na layin gaba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne jira. Idan ɗan gaba ya yi shiru, Malam zai dakata, ya sake juya tambayar, ya ce "yi tunani dai". Idan ɗan baya ne, kafin ya buɗe baki an wuce shi. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970: malamai kan jira kusan sakan ɗaya ne bayan tambaya, waɗanda ake ɗauka masu rauni su aka fi gajarta wa, kuma idan jiran ya kai sakan uku amsoshi kan ƙara tsawo, yara da yawa su sa baki. Lambar da ake rubutawa a takarda ba ta maganin wannan. Na ba shugabar ƙidayata, ta ce za ta zauna da malaman.

Ga inda tauraro ɗaya da rabi ya zube. An gyara makin a rajista, amma malamin bai taɓa kiran yarinyar ya ce mata "na yi kuskure" ba. Mako biyu ma ya yi yana kauce mata gaba ɗaya, ba tambaya ba kallo, har ta fara ganin laifinta ne da ta yi magana. Sai daga baya abin ya warware, ranar da ya kira ta allo ta warware wata tambaya ya ce wa aji su kwafi hanyarta. Ta dawo gida tana ba ni labarin tun daga bakin ƙofa.

Na biyu ya fi girma. Ƙofar ƙorafi a wurin nan iyaye kaɗai take buɗe wa. Babu akwatin saka takarda, babu wani babba da aka ce wa yara ga wanda za ku samu in kuna ganin an tauye ku. 'Yata ta sami haƙƙinta ne don tana da uwar da ta iya karanta takardar lissafi, take kuma da lokacin zuwa ofis. A ajin da na zauna akwai wani yaro a gefen taga da ya ɗaga hannu sau shida, ko sau ɗaya ba a kira shi ba, daga ƙarshe ya kifa kai a kan benci.

Na sake biya mata zango na biyu. Ranar da na je biyan na ƙara yi wa shugabar maganar yaron gefen taga da ta akwatin ƙorafi. Ta rubuta duka biyun a littafinta, na kuma gaya mata zan dawo in sake zama a bayan aji a tsakiyar zango.